A Duba Katin Sadarwa Kafin A Sayi Injin Katangar Tsaron Intanet

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da na ga yana jawo wa masu sha'awar harkar kwamfuta asarar kuɗi da ɓacin rai, wato zaɓen kayan da za a gina katangar tsaron intanet da su a gida. Abin da nake nufi da katangar tsaro shi ne ƙaramar kwamfutar da ake ajiyewa tsakanin layin intanet da ke shigowa daga waje da sauran na'urorin gida, wadda aikinta shi ne ta duba kowane fakitin bayani mai shiga ko mai fita, ta bar wanda aka yarda da shi ya wuce, ta tare wanda ba a yarda da shi ba. Mutane da yawa sun gaji da ƙananan rautocin da ake sayarwa a kulle, waɗanda masu ƙera su kan daina sabunta manhajarsu bayan 'yan shekaru, shi ya sa suka koma haɗa tasu katangar da manhajoji irin su pfSense da OPNsense. Shawara ce mai kyau, kuma ina goyon bayanta ƙwarai. Abin da ya dame ni shi ne inda akasarinsu ke fara sayayya. Za ka ji mutum yana ta tambayar ƙarfin furosesa da yawan RAM, amma ko sau ɗaya bai tambayi wane irin katin sadarwa, wato ɓangaren da ake jona wayar intanet a jikinsa, ne a cikin injin ba, alhali kuwa katin nan ne zai sa injin ya yi aiki lafiya shekara da shekaru, ko kuma ya zama abin da ake kashewa ana kunnawa kowace safiya.

Dalilin hakan yana cikin asalin manhajojin kansu. An fara aikin pfSense a shekarar 2004 daga wata manhaja da ta riga ta, mai suna m0n0wall, sannan a watan Janairun 2015 kamfanin Deciso na ƙasar Holan ya tsiro da OPNsense daga jikin pfSense. Dukansu biyu a kan FreeBSD aka gina su, wato wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows da Linux, kuma matatar fakitocin da suke amfani da ita, wadda ake kira pf, ta fara fitowa ne a OpenBSD, 'yar'uwar FreeBSD, cikin 2001. Wanda ya saba da Windows ya saba da cewa duk abin da ya jona wa kwamfuta zai yi aiki, domin masu ƙera kaya suna fara rubuta wa Windows direba kafin kowa, sannan Linux ya biyo baya. FreeBSD kuwa masu aiki a kansa ba su kai na Linux yawa ba, kuma ba kowane kamfani ne ke damuwa da shi ba. Direba ita ce 'yar manhajar da ke fassara tsakanin babbar manhaja da wani ɓangaren ƙarfe, kuma in babu ita, ko in ta kasance mai rauni, to ƙarfen ya zama kamar babu shi, komai tsadarsa. Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi ita ce ko FreeBSD ya san wannan katin, kuma ko direbarsa ta daɗe ana amfani da ita har an ga amincinta.

Sunan da aka rubuta a jikin kwali ba ya amsa wannan tambaya. Abin da ke amsa ta shi ne ƙwayar lantarkin da ke cikin katin, wadda masu sana'ar ke kira cip, domin kamfanoni goma za su iya sayar da kati da sunaye goma alhali cip ɗaya ne a ciki, haka kuma kamfani ɗaya zai iya sauya cip ɗin a tsakiyar shekara ya bar sunan kayan yadda yake. A duniyar FreeBSD an daɗe da sanin cewa cip ɗin Intel ne ya fi samun kulawa. Na gigabit ɗaya irin su i210 da i211 da i350 suna aiki da direbar igb, tsofaffin da suka riga su suna aiki da em, na gigabit 10 irin su X520 da X550 kuma suna aiki da ix. Ko a tsakanin waɗannan ma akwai bambanci da ya kamata a sani, domin i211 layukan da fakitoci ke jeruwa a cikin katin guda biyu yake da su, i210 yana da huɗu, i350 kuma yana da takwas a kowace ƙofa, wato kowane ramin jona waya, kuma yawan layukan nan shi ne ke ba injin damar raba aikin a kan ɓangarorin furosesa maimakon ya jibge shi a kan ɗaya. Ga gida mai layin megabit 100 ko 200 wannan bambanci ba zai fito fili ba, amma wanda layinsa ya kai gigabit ɗaya zai iya ganinsa.

Cip ɗin Realtek shi ne aka fi samu a jikin kwamfutocin tebur da ƙananan injuna masu sauƙin kuɗi, kuma adalci ne a ce a Windows da Linux yana aiki ba tare da wata matsala ba. A FreeBSD ne labarin ya sha bamban. Direbar re da ke zuwa da babbar manhajar ta yi suna wajen tsayawa idan aiki ya yi yawa, inda ƙofar kan yi shiru na ɗan lokaci sannan ta dawo, a rajistar injin kuma a ga saƙon da ke nuna cewa mai gadin katin ya gaji da jira ya sake kunna shi. Akwai wata direbar da kamfanin kansa ya rubuta, wadda OPNsense ke bayarwa a matsayin ƙari, kuma mutane da yawa sun sami sauƙi da ita. Sai dai akwai tarko a nan, domin cip ɗin RTL8125 mai gudun gigabit 2.5 ya yi shekaru direbar asali ba ta san shi ba, ma'ana mutum zai girka manhajar ya tarar injin bai ga ƙofa ko ɗaya ba, direbar da zai gyara matsalar da ita kuma tana intanet, intanet ɗin kuma ba zai samu ba sai ƙofar ta yi aiki. Ana iya fita daga wannan da filashi da wata kwamfutar daban, amma wanda ya san da maganar tun kafin saye ba zai shiga ba balle ya nemi mafita.

Kada kuma a ɗauka cewa ganin sunan Intel kaɗai ya isa. Cip ɗin i225 mai gudun gigabit 2.5 ya fito da aibi a zubinsa na farko da na biyu, inda yake zubar da fakitoci idan aka haɗa shi da wasu nau'o'in suwic, wato na'urar da ke haɗa wayoyin sadarwa da yawa wuri ɗaya, har kamfanin ya amsa laifin ya gyara a zubi na uku da ake kira B3, daga baya kuma ya fito da i226. Direbar waɗannan, wato igc, ba ta shiga FreeBSD ba sai a 2021, don haka wanda ya ɗauko tsohon faifan girki ba zai ga ƙofofin ba. Ga kuma matsalar jabu. Katin i350 mai ƙofa huɗu yana cikin kayan da aka fi kwaikwayo a kasuwannin intanet, kuma na jabun yakan yi aiki da farko, sai bayan ya ɗauki zafi ko ya yi watanni sannan ƙofa ɗaya ta mutu. A ganina tsohon kati na gaske da aka ciro daga babbar kwamfutar ofis ya fi sabo fil wanda ba a san asalinsa ba.

Hanyar tabbatarwa ba ta da wahala, kuma abin takaici ne yadda ake tsallake ta. Kowane sabon FreeBSD yana fitowa da takardar kayan da ya sani, kowace direba kuma tana da shafinta da ke lissafa cip ɗin da take ɗauka. Abin da ake bukata shi ne a duba wane FreeBSD ne ke ƙarƙashin pfSense ko OPNsense ɗin da za a girka, a nemi lambar cip ɗin daga mai sayarwa, sannan a gwada biyun. Idan injin yana hannu, a tashe shi daga filashi ba tare da an girka komai ba, a rubuta umarnin pciconf -lv, nan take zai nuna kowane ɓangare da direbar da ta kama shi, wanda kuma ba a samu direbarsa ba za a ga an rubuta none a gabansa. Mai sayarwar da ya kasa faɗin lambar cip ɗin, ya tsaya a kan cewa ƙofa huɗu ce mai sauri, bai ba ka abin da za ka yanke shawara da shi ba.

Ni kaina na taɓa faɗawa cikin irin wannan. Katangata ta farko na gina ta ne da ƙaramar kwamfuta mai ƙofa ɗaya, na ƙara ta biyu da 'yar na'urar da ake jonawa ta USB, domin na ga injin ya gane ta tun a karon farko. Da rana komai lafiya, amma da zarar an fara sauke manyan fayiloli sai layin ya yanke, wani lokaci ya dawo da kansa, wani lokaci sai na cire na'urar na mayar. Na yi makonni ina zargin layin da ke shigowa, ina sauya waya, ina sake rubuta dokokin katangar, kafin na zauna na karanta rajistar injin na ga na'urar USB ɗin ce ke ɓacewa tana dawowa. Tun daga lokacin na gane cewa injin ya ga kati abu ɗaya ne, katin ya jure aikin awa 24 kullum kuma wani abu ne daban. Wanda ƙofa ɗaya kawai yake da ita, gara ya nemi suwic mai sarrafuwa ya raba ƙofar da tsarin VLAN, wanda ke sa waya ɗaya ta ɗauki hanyoyi daban-daban ba tare da sun cakuɗa ba, ya san cewa mai shiga da mai fita za su raba gudun waya ɗaya, a kan ya dogara da USB.

Idan cip ɗin da ke hannu bai dace da FreeBSD ba, kuma babu halin sayen wani, ba dole ne a yi ta kokawa ba. Wasu manhajojin rauta da katanga irin su OpenWrt da IPFire da VyOS duk a kan Linux suke, kuma sun san kayan da FreeBSD bai sani ba. Wannan ma shi ne amsar masu son amfani da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, domin pfSense na kyauta da OPNsense na hukuma an yi su ne don furosesa irin ta Intel da AMD mai bit 64, ita kuwa Raspberry Pi furosesarta ARM ce, amma OpenWrt yana hawa kanta. Ana iya fara zaɓen manhaja sannan a nemo mata ƙarfe, ana kuma iya fara duba ƙarfen da ke akwai sannan a nemo masa manhaja. Kuskuren shi ne a zaɓi kowanne shi kaɗai, sai an kawo su gida sannan a gano ba sa jituwa.

Maganar furosesa ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Tace fakiti aiki ne mai sauƙi, kuma ƙananan furosesoci masu ɓangare huɗu irin su N100 na Intel, wadda ta fito a 2023 kuma aka ƙiyasta mata wat 6, suna iya tura gigabit ɗaya ba tare da sun wahala ba. Tilas dai ta kasance mai bit 64, domin pfSense ta daina tallafa wa mai bit 32 tun fitowar 2.4 a 2017, OPNsense ma ta bi sahu a 2020. Abin da ke cin ƙarfi shi ne ayyukan da ake ɗorawa a kai. Mai son VPN, wato rufaffiyar hanyar da ake ratsa intanet da ita, ta hanyar IPsec ko OpenVPN yana bukatar furosesa mai AES-NI, wato umarnin rufe bayanai da Intel ya fara sawa a 2010, kuma akwai tsofaffin furosesoci masu arha irin su J1900 da ba su da shi, alhali har yanzu ana sayar da injuna masu ɗauke da su da sunan katangar tsaro. WireGuard kuwa, wanda shi ma VPN ne, da wata hanyar rufewa yake aiki, ChaCha20, don haka AES-NI ba ya ƙara masa komai. Akwai kuma ayyukan da ba sa rabuwa a kan ɓangarori da yawa. OpenVPN a tsarinsa na asali ɓangare ɗaya yake amfani da shi, haka nan layin da ke shigowa ta PPPoE, wato tsarin shiga da wasu kamfanonin intanet ke amfani da shi, ya daɗe yana taruwa a kan ɓangare ɗaya a FreeBSD, saboda katin ba ya iya raba irin waɗannan fakitocin a layukansa. Wanda layinsa PPPoE ne mai sauri, to saurin ɓangare ɗaya ya fi masa amfani a kan yawan ɓangarori, kuma tsohuwar furosesar babbar kwamfutar ofis mai ɓangare goma sha biyu masu jan ƙafa za ta iya ba shi kunya inda ƙarama ta zamani ta yi nasara.

RAM kuwa lissafinsa a fili yake. Katangar tana riƙe da tarihin kowace hulɗa da ke gudana, kowane shigarwa yana cin kusan kilobayit ɗaya, don haka shigarwa miliyan ɗaya ne ke cin gigabayit ɗaya, gidan yau da kullum kuma ba ya kusantar wannan adadi. Gigabayit 4 sun wadatar da tacewa zalla, sai dai wanda zai kunna Suricata ko Snort don binciken kutse, ko ya loda manyan jerin adireshin da ake tarewa, ya nemi 8 ko fiye. A nan ma maganar katin ta sake dawowa, domin Suricata idan aka sa shi ya tare kutse kai tsaye yana dogara ne da wata fasaha mai suna netmap, wadda ta fi tafiya daidai da direbobin da aka shirya mata.

Wajen ajiya, ƙaramin SSD ya fi katin SD ko eMMC, wato ma'ajiyar da aka liƙa a jikin allon kwamfutar, saboda katanga tana rubuta rajista dare da rana, kuma eMMC idan ya gaji ba a iya cire shi a sauya. Ina kuma ba da shawarar a girka a kan tsarin fayil na ZFS, wanda ya fi UFS jure yankewar wuta ba zato. Wi-Fi kuma a bar shi a wajen injin gaba ɗaya. Tallafin FreeBSD ga katunan Wi-Fi, musamman wajen sa su su zama masu rarraba wa wasu, yana baya sosai, kuma na'urar rarrabawa ta daban da aka jona da waya za ta fi ƙarfi, a kuma ajiye ta a tsakiyar gida inda ake bukatarta.

Akwai abubuwan da ba a rubuta su a talla amma suna da nauyi ga injin da ba a kashe shi. Tsohuwar kwamfutar tebur mai cin wat 80 za ta sha kimanin kilowat-awa 700 a shekara, ƙaramin inji mai cin wat 10 kuma bai kai 90 ba, don haka abin da aka ɗauka kyauta ne yana iya zama mafi tsada cikin shekara biyu. Injin da ba shi da fanka ba ya ƙara kuma ba ya jan ƙura, amma jikinsa ne ke fitar da zafi, saboda haka ba a cusa shi cikin akwati a rufe. A shiga BIOS, wato shafin saitin da ke buɗewa kafin babbar manhaja ta tashi, a tabbatar akwai zaɓin da ke sa injin ya tashi da kansa idan wuta ta dawo, domin katangar da sai an danna mata maɓalli tana nufin dukan gidan ba shi da intanet har sai mai ita ya dawo. Mai sayen tsohon kaya kuma ya kula da injunan da ke ɗauke da furosesocin Atom C2000 na Intel, waɗanda aka bayyana a 2017 cewa suna da aibin da ke sa su kasa tashi bayan sun yi aiki na wani lokaci, sai dai in an tabbatar zubin da aka gyara ne. Wanda zai saka kati a ƙaramar kwamfutar ofis ya auna tsayin ƙarfen bayan katin, ya kuma duba ramin PCIe da ake soka katin a ciki, domin rami mai layi ɗaya na PCIe 2.0 bai wuce kimanin gigabit 4 ba, kuma katin gigabit 10 a irin wannan rami ba zai taɓa kai gudunsa ba. Wasu katunan Intel masu ramin SFP+, inda ake soka 'yar na'urar hasken da ke jona wayar faiba, kuma suna ƙin karɓar na'urar da ba su sani ba sai an sauya wani saiti, don haka a sayi katin da na'urar a matsayin abu ɗaya da aka tabbatar suna tafiya tare.

Bayan an haɗa komai, ina roƙon masu karatu kada su miƙa wa injin amanar gida a ranar farko. A ajiye kwamfuta ɗaya a ɓangaren waje, ɗaya a ɓangaren ciki, a tura bayanai tsakaninsu da manhajar auna gudu ta iperf3 ta yadda za su ratsa ta cikin katangar, domin gwajin da ya tsaya a kan katangar kanta ba ya nuna ainihin ƙarfinta na turawa. A bar gwajin ya yi awanni, ana duba zafin furosesa, ana karanta rajista don ganin ko wata ƙofa tana faɗuwa tana tashi. Idan an ga fakitoci na lalacewa, a fara kashe saitin da ke miƙa wa katin aikin lissafin tantance fakiti, musamman idan katangar tana gudana ne a matsayin injin kwaikwayo, wato kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira a cikin wata kwamfutar, a cikin Proxmox ko makamancinsa. A yi duk wannan tun kwanakin mayar da kaya ba su ƙare ba, a kuma ajiye tsohuwar rautar a kusa tare da kwafin saitin katangar a filashi, har sai sabon injin ya yi wata guda yana aiki ba tare da an taɓa shi ba.

Na gode da filin da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu